Fansar Mai Tukku

Bari in fara da abin kunyar don in sauke shi in huta: ni na cinye shi. Ba ɗanɗanawa na yi ba. Na zauna a tabarma na tanƙwashe ƙafa, na cinye tsokar, na taune ƙasusuwan, na kafa kai na shanye romon, na sa yatsa na lashe kwanon har sai da na hango fuskata a ciki, sannan na ɗaga murya na ce, "Inna, wace irin kaza ce wannan mai daɗin ƙashi haka? Ba saura?" Inna tana bakin murhu, ba ta juyo ba. Ta ce, "Babu. Ka yi hamdala." Na kuwa yi, har da gyatsa. Sai da la'asar na ɗebi dawa na zagaya bayan ɗaki na yi fito, tantabaruna suka sauko su goma sha tara. Na sake ƙirgawa, goma sha tara dai. Can na hango farin tukku a bakin rariya, jini ya bushe a jikinsa. A nan na san abin da ke cikina.

Yaran yanzu ba za su gane zafin wannan ba. Na san wani zai ce shekaruna nawa da har nake cewa yaran yanzu, ni da gemuna bai gama shawarar fitowa ba. To ba yawan shekaru ke sa tsufa ba, abin da ido ya gani ne, ni kuwa na gani. A wancan zamanin, damina uku da suka wuce, ba agogo ke tashin gidanmu na Dutsin-Ma ba. Kiran salla ne farko, sai tarin Baba a hanyar masallaci, sai tantabaru su ɗauka daga cikin tukwanen da na jera masu a bayan ɗakin Inna, gurr, gurr, kamar tsofaffi na gulma cikin bargo. Gari na wayewa su tashi gaba ɗaya da tafin fiffike, su kewaya unguwa sau uku, su dawo su dira kan kwano da ƙarar da takan sa Inna ta ce, "Ga surukanka nan sun iso." Daga nan sai albasa ta faɗa cikin mai, sai ƙamshin daddawa a ɗumame, sai taɓaryar maƙwabta tana amsa ta wani gidan. Yau in ka je inda tukwanen suke, shagon cajin waya ne, janareta ke kuka a madadinsu. Yaya ya kwashi iyalinsa sun koma sabuwar unguwa, gida mai get. Shekaranjiya Inna ta aike ni can, na tarar da matarsa kwance a doguwar kujera da wani sabon laulayin, ta yage 'yar takarda ta zazzage garin citta na kanti a kofi, tana karanta abin da mai ciki za ta ci a waya. Ba turmi, ba hayaƙi, ba maƙiyi tsaye a kanta. Na ce a raina wannan ai ba laulayi ba ne, hutu ne. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda aka yi na farkon, kafin masu laifi su gyara tarihi.

Mai Tukku ba irin tantabarun da ake sayarwa a kwando ba ne. A hannun wani makiyayi na Karofi na samo shi, ko gashi bai gama yi ba, na ba da danƙona da ƙararrawar keken Baba, wadda har yau Baba ke zaton faɗuwa ta yi a hanya. Da bakina na ciyar da shi, in tauna gero in ɗura mashi. Ya girma fari fat, da tukku a ka kamar liman ya naɗa rawani, in yana tafiya ƙirji gaba sai ka ce wanda ya ci zaɓe. Wata biyu na yi ina koya mashi abu ɗaya: in aka miƙa hannu aka yi fito, ya sauko ya zauna a tafin. Yara daga wasu unguwanni suke zuwa kallo. Ban san wuƙa nake wasa mashi ba.

Matar Yaya, wadda muke kira Anti, 'yar Kurfi ce, kuma kafin abin ya faru ba mu da wata gaba sai irin wadda aka halatta tsakanin mace da ƙanin mijinta. Ta kira ni Faifai saboda kunnuwana, in kira ta Baƙauya. Kunnuwan nan kuwa, gaskiya ɗaya ce, ba a yi mani rowarsu ba. In na tsaya a rana 'yan tsaki kan shiga inuwarsu, in ana iska Inna kan ce in riƙe ƙofa kada a tsince ni a Makera. Watanni kaɗan da kawo Anti sai ta fara abin da ba a faɗin sunansa. Cikin fari ne, ba wanda zai buɗe baki ya ce ciki, sai dai a ce ba ta jin daɗi, a kau da kai. Amma hancinta ya zama mai mulkin gida. Aka hana suyar albasa. Daddawa ta yi gudun hijira gidan maƙwabta. Man gyaɗa, kifi, turaren Yaya, sabulun wanki, duk aka sallame su. Tun asuba za ka ji ta a bakin rariya kamar ana fizgo ranta da igiya. Ta sha ruwa ya dawo, ta sha koko ya dawo, cokali ma in ta daɗe tana kallonsa sai ta tashi da gudu. Ta rame har awarwaronta na gangarowa gwiwar hannu. Inna ta ɗauke ta daga ɗakin Yaya ta maido ta kan gadonta don ta riƙa sa ido.

Ran da abin ya faru ina makaranta. Kwana uku ba abin da ya zauna mata, sai da hantsi ta buɗe ido ta ce, a hankali, romon tantabara take marmari. Yaya, da ya kwana uku yana zagaye kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, ya ruga bayan ɗaki. Cikin tantabaru ashirin, goma sha tara masu hankali suka tashi sama. Ya miƙa hannu ya yi fito yadda yake ganin ina yi. Ɗaya ya sauko. Inna ta fige, ta dafa, ta zuba, aka kai. Anti ta ɗaga murfi, tururi ya bugi hancinta, ta ce, "Ku fitar da shi!" ta nufi rariya. Ko cokali ɗaya ba ta kai baki ba. Aka rufe kwanon aka ajiye a madafi, inda mayunwacin da ya dawo daga makaranta ya same shi.

Na hau katanga na yi shari'a ni kaɗai. Yaya ya yanka, amma Yaya tafin hannunsa kamar faranti yake. Inna ta dafa, amma ba a ramuwa a kan uwa in ana son gamawa da duniya lafiya. Wanda ya ci kuwa yaro ne marar laifi da aka yaudara. Saura wa? Wadda ta buɗe baki ta nema. Na binne tukkun a gindin bishiyar bedi, na yi mashi alkawarin jininsa ba zai tafi a banza ba.

Ramuwata ta farko ta jahilci ce, ba na alfahari da ita. Na sayo soyayyen kifin dam a bakin tasha, mai yaji da albasa, na duba inda iska ke kaɗawa, na tsaya daidai tagar Inna na buɗe takardar ina fifita ta da murfin kwano. Na zaci za ta yi amai sau ɗaya, in ce ɗaya da ɗaya, mu ci gaba. Ba ta tsaya ba. Tun ina murmushi a bayan taga har na daina. Tun ruwa na fita har ya zama ba abin da ke fita sai sauti. Na ji Inna na salati tana kiran sunanta, ba ta amsawa. Aka roƙi motar maƙwabci aka kai ta asibiti, aka ɗaura mata ruwa, ta kwana can. Na tabbata Baba zai dake ni, har na saka wando biyu. Bai taɓa ni ba. Ya kira ni zaure, ya ce, "Auta, rai biyu ka yi wa fifita da kifi." Wannan ne karo na farko da wani ya kusa faɗin abin a gidan. Na gwammace dukan. Amma kada a ɗauka na yafe. Abin da na gane kawai shi ne ba ranta nake nema ba, balle na abin da ke tare da ita. Ramuwa nake so wadda ba ta kai mutum asibiti.

Suka dawo da jawabin malamar asibiti, Yaya na maimaita shi kamar hadda: kada ta bar cikinta wayam, ta ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ta tauna busasshen abu irin biskit kafin ta ɗaga kai daga matashi, ruwa kurɓi-kurɓi ba kwankwaɗa ba, ban da maiƙo, ban da farar ƙasa, in kuma ta sake yini ba abin da ya zauna, a maido ta ba jira. Aka gwada biskit, ta ce ƙarnin madara yake. Inna ta ce to sai a tambayi tsohuwa. Tsohuwa ita ce Kaka, mahaifiyar Baba, da ke zaune a Rawayau ta ƙi birni, wai ruwan famfo ba ya kashe ƙishi. Don a huta da ganina na yini guda, ni aka ɗora a bayan ɗan acaɓa.

Na same ta a gindin tsamiyar ƙofar gidanta tana ɓarar gyaɗa.

"Maraba da angona. Yau an tuna da uwargida? Ina tsarabata?"

"Ni na sake ki tun bara, tsohuwa. Aiko ni aka yi."

"Saki a bakin wanda bai iya wanke wuyansa ba? Zauna. Mi ya kumbura maka baki haka kamar jakin da aka hana dusa?"

Na faɗa mata saƙon Inna a gajarce, na faɗa mata labarin Mai Tukku a tsawace, har da kwaikwayon tafiyarsa. Ban ɓoye kifin ba, don na san labari ya riga ni zuwa. Ta saurara tana ɓara, ba ta yi dariya ba, abin da ya sa na ƙara yarda da ita.

"An cuce ka," ta ce.

"Ƙwarai kuwa."

"Kuma kai wawa ne."

"Haba Kaka."

"Wawa mana. Allah ya ba ka makami har biyu, ɗaya a kowane gefen kai, ka tahi sayen kihi?" Ta kama kunnena na dama ta ja, kamar mai taya akuya a kasuwa. "Yarinyar ga tana ƙin ganinka yanzu?"

"Ko takuna ta ji sai ta juya wa bango fuska."

"Madalla. Ba ka san mai ciki in ta ƙi mutum, kuma ya zama da shi take fara buɗe ido kowace safiya, kamanninsa ɗan ke ɗaukowa ba? Mu da muka haifi tara mu muka sani."

Na hango Anti, mai kiran mutane Faifai, goye da faifai biyu tana shiga gidan biki. Ta yi wa ɗan wanka ta wanke su, ta sa mashi hula su ture ta, ta kai shi Kurfi danginta su yi ta salati. Kifi na yini ɗaya ne. Wannan kuwa har jikoki.

"To yaya za a yi ta riƙa buɗe ido da ni?"

"Kai za ka riƙa kai mata maganin. Ai kafin ta ɗaga kai ake ba ta."

Ta zaunar da ni ta koya mani. Biskit, in ji ta, abincin 'yan makaranta ne, su da ƙanzo suka yi laulayinsu. In an kwashe tuwo a bar na gindin tukunya ya kama, a kankare, a shanya a rana ya bushe ƙayau, ba mai, ba ƙamshin da zai tayar da zuciya. Shi za ta fara taunawa tana kwance, ɗan kaɗan, ta jira ya sauka. Sai ruwan citta: ɗanya, gaɓa ɗaya kamar babban yatsa, kada in sa son zuciya in ƙara, a daka, a tafasa, a tace, a bari ya huce, a matsa lemun tsami kaɗan da ɗigon zuma. Ɓawon lemun kada a yar, ta riƙe a hannu ta shinshina in wani wari ya taso. Da hantsi kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, ludayi biyu a huta, ludayi biyu a huta. Ta ɗebo mani tsamiya daga rumbu, ta ɗaure mani goruba uku don gwaigwaya in yawu ya taru. "In ya fi ƙarfin wanga," ta ce, "ku maida ta wurin masu allura. Kada uwarka ta tsaya jiran ƙanzo."

Haka na zama bawan tukunya. Duk wanda ya san ni ya san ba a tashina da asuba sai da ruwan buta. Sai ga ni ina riga Baba zuwa masallaci, in dawo in hura wuta can bayan gida don kada hayaƙi ya kai mata, in daka citta a ƙaramin turmi, ƙwal, ƙwal, ƙwal, tantabaru na amsa mani daga tukwane. Har yanzu in na ji ƙamshin ɗanyar citta sai in ji sanyin safiyar nan a tafin ƙafata. In an kwashe tuwo in tsaya kan Inna kada ta jiƙa tukunya, in duƙa ina kankara da cokali, abokaina na leƙowa ta katanga suna kirana uwar tuwo. Da rana in hau tsani in shanya ƙanzon a kan kwano in zauna gadinsa, don ɓarayinsa ba wasu ba ne illa tantabaruna, dangin mamacin, da ba su san don su ake wahalar ba. Babban aikin dai na safe ne. In na gama tacewa sai in cire hula, in murza kunnuwana su yi ja su miƙe, in yi sallama ɗakin Inna da kofi da ƙanzo, in durƙusa daidai inda hasken taga zai bugo ta bayansu.

"Anti. Anti, buɗe ido."

"Ajiye ka fita."

"Kaka ta ce sai kin karɓa daga hannuna kina kallona. In ba haka ba, ba ya ci."

Wannan ƙa'idar ni na ƙara ta. Ta buɗe ido ɗaya, ta ga abin da ta gani, ta ce, "Wayyo Allah, da wanne zan ji?" Ta tauna ƙanzon kamar ni take taunawa. Ni kuma ina juya kai dama da hagu a hankali don kowane kunne ya samu rabonsa. Ranar sau biyu kawai ta yi amai. Bayan kwana huɗu, sau ɗaya. A mako na biyu ta tashi zaune ta sha kunu ta riƙe shi, har ta nemi dafaffen rogo. Ba zan ce ƙanzo ne kaɗai ba, don akwai ƙwayoyin da asibiti suka ba ta, kuma Inna ta ce laulayi baƙo ne, in kwanansa ya cika tafiya yake. Amma a unguwa ni aka sani. Baba ya dafa kaina a gaban mutane ya ce yaron ya shiryu. Na sunkuyar da kai irin na salihai, a ciki ina dariyar mugunta.

Abin da ban hango ba shi ne, mutum in ya samu sauƙi zuciyarsa laushi take yi. Wata safiya na miƙa kofi, ta dube ni da ido biyu ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta. Allah ya ba ka mai yi maka." Na kusa sakin kofin. Auta! Ina Faifai ya tafi? In ta daina ƙina, aikin wata guda ya zube ke nan. Na shiga gyara. Na riƙa take mata takalmi, na riƙa kiranta Baƙauya a gaban baƙi, na koyi kaɗa kunnuwa ba tare da na taɓa su ba don in ba ta haushi, sai ta yi ta dariya tana riƙe ciki tana cewa in sake. Farar ƙasa ce ta cece ni. Kwaɗayinta ya taso mata, ta kira ni gefe tana raɗa, wai in sayo mata a ɓoye, ba wanda zai sani. Na ce ba zan sayo ba, na je na faɗa wa Inna, na faɗa wa Yaya, ranar awo kuma na bi su musamman na faɗa wa malamar asibiti. Mako guda ba ta yi mani magana ba sai harara. Ban taɓa jin daɗin harara irin wannan ba. Kowace ɗaya, ina jin kunnen yaron na ƙara faɗin yatsa.

A tsakanin nan Kaka ta zo dubiya. Na tare ta a zaure na ce laulayin fa ya tafi, ko in daina? Ta ce, "Ka taɓa ganin an yi dashe an daina ban ruwa don ya yi ganye biyu? Yanzu ma ake ƙera kunnen. Ci gaba, ka ƙara da ɗebo mata ruwan wanka." Na ƙara. Na ƙara da shara, da tsinko zogale, da ɗaukar mata duk abin da ya fi buta nauyi, don dai ta juya nan ta gan ni, ta juya can ta gan ni.

A wata na bakwai danginta suka zo ɗaukarta goyon ciki, yadda ake yi wa mai cikin fari, ta haihu a gaban uwarta a Kurfi. Ta yi ƙiba ta yi haske, tana cin tuwo da miyar da aka soya albasarta. Ina ɗora kayanta a mota na tura hotona na fasfo cikin aljihun jakarta, ya ci gaba da aiki a bayana. Sai kuma na ga ramuwar da mai laifi bai san an yi ba ai sadaka ce. Na zagaya tagar da take.

"Anti, kin tuna Mai Tukku?"

Ta ce, "Wallahi, Auta, ban san naka za a kama ba. Na zaci kasuwa za shi. Sai bayan sati biyu Inna ta gaya mani."

"Ke dai kika kashe shi."

"Ni ko romon ban sha ba. An ce wani ne ya lashe kwanon har yana neman ƙari."

Ƙanwarta da ke gefe ta toshe baki da mayafi. Jini ya hau mani kai, na zazzage mata komai, ƙanzon, cittar, hasken taga, maganar Kaka. Na ce, "Wata biyar kina buɗe ido da su. Ki je ki haifa, za ki gani."

Ta dafe cikinta da hannu biyu, ta dubi kunnena na dama, ta dubi na hagu, kamar yau ta fara ganinsu. "A'uzu billahi! Mugu! Direba, ja mu tafi!" Motar ta tashi tana leƙowa tana ihu, "Ba dai ɗana ba, Faifai! Ba dai ɗana ba!" Ranar malmala uku na ci.

Mace ta haifa. Ranar suna muka cika mota, aka biya Rawayau aka ɗauko Kaka. Ban tsaya gaisuwa ba, na kutsa ɗakin mai jego ta tsakanin mata. Jaririyar na naɗe cikin tawul, an ja mata hular ulu har gira, ga kowa na gumi. Na san abin da ake ɓoyewa.

"Kada ka taɓa mata hula," in ji Anti. "Sanyi."

"Sanyin me, ana fifita?"

Na ɗage hular. Suka baje. Ɗaya nan, ɗaya can, sirara, jajaye, haske na ratsa su, kamar an liƙa wa ƙwai fiffiken jemage. Na ɗaga hannu sama na ce, "Mai Tukku, kwanta lafiya! Jama'a ku shaida, kunnuwana ne!"

"Na ubanta dai," in ji wata gwaggon Anti, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na Alhaji kakanta," in ji wata. "Ai da gani ba tambaya."

Kaka na zaune a tabarma tana kankare goro. Ta nuna taga da haɓa ta ce, "Angona, leƙa waje." Na leƙa. Maza na zaune a rumfa sun ba mu baya: Baba, Yaya, baffannina biyu na Makera da 'ya'yansu. Zafi ya sa duk sun tuɓe huluna sun ɗora a gwiwa. Ban taɓa kallon danginmu ta baya a jere ba sai ranar. Kamar an jera tukwane masu hannu.

"Da su na auri kakanku," Kaka ta ce. "Na haifi tara, ba wanda ya zo ba su. Ko a Makka yarinyar ga ta yi laulayinta, da su ɗiyar za ta zo."

"To maganar da kika gaya mani fa?"

"Ana faɗi. Ni ma ji na yi." Ta jefa goro a baki. "Uwarka ga ciwon ƙugu, yayanka ko ruwa ya dafa sai ya ƙone. Wa zai tashi da asuba wata biyar yana dakan citta saboda Allah? Na duba gidan kaf, ban ga mai ƙarfi irin mai jin haushi ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya har mai jego na cewa wayyo cikina. Da ta samu numfashi ta zaro hotona daga ƙarƙashin matashi ta miƙo mani. "Ungo, Faifai. Kullum sai na duba, don in saba."

Na ci naman suna, amma da fushi na ci shi. A hanyar dawowa na cire sunan Anti daga shari'ar na sa na Kaka, tana gefena a mota tana gyangyaɗi a kafaɗata. Na yi mata tanadi mai kyau. Na sayi macijin roba a kasuwa, baƙi, mai jan harshe, wanda zan kwantar mata a ƙasan kwandon gyaɗa, na ɓoye shi cikin akwatina ina jiran a ba mu dogon hutu in je Rawayau. Da farkon damina ta kwanta ciwo, kwana shida. Ta rasu ran wata Alhamis da hantsi, a ɗakinta, ban rama ba.